Kunun ayar da ya shiga ƙwaƙwalwar motar Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah shawararku nake nema.

Muna kan hanyar filin jirgi, daidai Lugbe, na ɗauko Mama zuwa asibiti a tsohuwar motar Baba, sai na ji ƙarar injin ta ɗauke ɗif. Na taka totur shiru, sitiyari ya yi nauyi, ga tifa a bayanmu tana ta danna hon, Mama sai salati take. Ban san yadda na gangara gefe ba, tifar ta wuce har iskarta ta girgiza mu.

Ni kaɗai na san dalili. Ranar Asabar Baba ba ya gari, na ɗauki motar ba izini na kai kunun aya bikin ƙawata a Gwarinpa, jarka ta kife a gaban kujerar mai zaman banza. Don kada ya ji tsami na yi ta kwara ruwa da bokiti. Wallahi ban san ƙarƙashin kafet ɗin nan ƙwaƙwalwar motar take ba, wadda makanikai ke cewa burenbos.

Shi kuwa Baba kai tsaye ya ɗora laifin kan Oga Danladi mai gyaran wayarin, ɗan Gbagyi ne, tun ina firamare shi ke duba masa mota, kuma bai daɗe da taɓa ta ba. Ya je har gareji ya yi masa tas a gaban jama'a, wai ya kusa kashe masa iyali, a ƙofar masallaci ma ya faɗa, har wasu maƙwabta sun janye motocinsu. Duk da haka mutumin ya ce a kawo ya gyara. Baba ya rantse ba zai ƙara taka wurin ba, da aka ja motar aka kai, ni ya tura in tsaya a kansa.

Ina tsaye ya ɗaga kafet, ya kwance akwatin burenbos ɗin. Ya nuna min wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu kamar ƙwaro, ya ce a cikinsa mota ke ajiye karatunta, ƙafafun duk sun yi kore. Ya shinshina, ya dube ni.

"Hajiya ƙarama, mota naka yana shan kunu?"

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fashe da kuka na gaya masa komai. Sai ya narkar da dalma ya cire abin, ya wanke wurin, ya ciro irinsa daga wani tsohon burenbos ya liƙa. Bugu ɗaya motar ta tashi.

Ana kiran la'asar ya miƙo min makulli, ya ce ba za ta ƙara mace min a titi ba, kuma Baba ba zai ji daga bakinsa ba. "Ka je gida, yarinya. Ni ya riga ya zaga, kar ya zagi mutum biyu."

To ni na tsira, shi fa? Cikin 'ya'yan Baba da ni yake bugun ƙirji. In na faɗa, dole ya koma garejin nan ya ba da haƙuri a gaban mutanen da ya tara, ni kuma ban san da wane ido zan kalle shi ba. In na yi shiru, sunan bawan Allahn nan ya tafi kenan saboda kununa. Yaya zan yi? In fara ta wurin Mama ne, ko in durƙusa gaban Baba da kaina?