Ni Ke Shiga Gida, Su Ke da Suna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. Shekara huɗu ke nan da aka kai ki a Kwanyawa, kuma yau ne karon farko da na kawo miki ƙara.

Inna, kwamitin ƙarin girma na jami'armu ya zauna, bana ma ba a ba ni farfesa ba. Karo na biyu ke nan. Wai koyarwata ba laifi, amma a takardun binciken da muka wallafa sunana ba ya zuwa farko. A ofis na karanta wasiƙar, raina ya ɓaci ƙwarai.

Ke kin san yadda aka yi takardun nan. Sashenmu na aikin gona yana bincike kan yadda mata ke adana irin gyaɗa daga kaka zuwa damina. Maza ba sa wuce zaure, ni kuma ni kaɗai ce mace a sashen. Duk zuwanmu Karaye ko Rogo, shugaban sashe da sauran malamai sai su baje a tabarma, a kawo musu fura, ni in yi sallama in shige. Ni ke zama a tsakar gida ina taya ɓarar gyaɗa har yatsuna su yi kanta, kafin tsohuwa ta yarda ta buɗe mini tukunyar irinta. Da la'asar in fito da littafi cike, su karɓa suna cewa, "Sannu da ƙoƙari, Hajiya." Su Dakta ne, su Farfesa ne. Ni da digirina uku, Hajiya ce.

Takarda ta fito, sunan shugaba a gaba, nawa na huɗu. Wanda ke na biyu ko ƙofar gidan bai gani ba, ranar yana Kano wajen ɗaurin aure.

Abin da ya fi ƙona mini rai, dabararki ce a ciki. Ina tuna ki a bakin murhu kina tankaɗe toka, ki haɗa ta da busasshen ganyen darbejiya da barkono, ki zuba a tukunyar iri, ki liƙe bakin da taɓo. Baba bai taɓa shuka irin da ƙwaro ya ci ba. A takardar an rubuta "wata tsohuwa a ƙauye." Ke ce wata tsohuwa, Inna. Na yi magana, aka ce ƙa'idar bincike ce a ɓoye suna, sai na haƙura.

A aji ma haka abin yake. Ajin 'yan shekarar farko, mai cika kamar ranar kasuwa, kullum nawa ne, wai ni uwa ce, na iya lallashi. Ɗaliba ba ta da lafiya, ofishina. Rigimar ɗakin kwana, ofishina. Allah Ya sani ba na ƙin yaran nan. Amma fom ɗin kwamiti ba shi da gurbin rubuta wannan, kuma lokacin da nake share hawayen 'ya'yan mutane, su sun rufe ƙofa suna rubutu.

To, ranar Talata muka je ƙauyen Turawa, gidan ƙawarki Iya Abu. Suka zauna a zaure, na shiga. Tana ganina ta ce, "'Yar Hauwa, har yanzu ke ce 'yar aiken?" Ba da mugunta ta faɗa ba, dariya ma take yi. Na mayar da littafin cikin jaka. Muka sha hira, ta ba ni ƙuli-ƙuli, muka yi miki addu'a. Na fito ban rubuta ko harafi ɗaya ba.

Shugaba ya miƙo hannu kamar kullum. Na ce masa daga yau abin da mata suka faɗa mini ni zan rubuta shi, sunana a gaba, in ba haka ba su nemi hanyar wuce zaure. Ya tuna mini cewa yana cikin kwamitin da zai zauna baɗi, ya ce in yi tunani in same shi a ofis ranar Litinin. Muka shiga mota muka dawo Kano.

Ina jin tsoro, Inna, ba zan ɓoye miki ba. Mai yiwuwa in yi ritaya ban taɓa jin an kira ni farfesa ba. Duk sanda zan koma makaranta kin riƙa riƙe hannuna kina cewa, "Ki yi haƙuri da mutane, Bilkisu." Na yi, shekara goma sha shida. Ban san ko za ki ce na kyauta ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya. Ki yafe mini, wannan haƙurin na ajiye shi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ni kuma Ya riƙe mini harshe ranar Litinin, kada in janye abin da na faɗa.

'Yarki,
Bilkisu