Gurguwar Karya a Gindin Katanga

Asabar, 6 Janairu 2018
Tun da aka rushe gidajen da ke ƙasa da mu, unguwarmu Nakkasa ta koma bola. Issoufou mai tsire kuma ya mai da kangon bayan katangata wurin zubar da hanji da ƙashi. Na yi masa magana, wai, "To Hajiya, bisa kaina zan aza?" Tir. Ko tuwo na kasa ci don wari.

Talata, 9 Janairu
Ina shanya a kan rufi na gane tsarinsu. Safiya ta karnuka ce: su yage abin da za su yage, su baje da harshe waje. La'asar sakaliya su gangara titi, sai yanyawa ta sauko daga dutse, siririya, kunnuwa kamar faifai, ta tsince ragowa. Gurguwar baƙar karya ce kawai ba ta zuwa ko'ina, kullum tana kwance a gindin katangata. In yanyawar ta matso, kai kawai take ɗagawa, sai waccan ta ja baya ta zauna. Ba faɗa, ba gaisuwa. Ƙazamai ma har da bin layi!

Kajina biyar suna bayan wannan katangar. Su kaɗai na fito da su daga tsohon gida, su ne ƙwaina, su ne abokan hirata.

Juma'a, 12 Janairu
Na tambayi Malam Awwal, ɗalibin nan ɗan Zariya da ke ɗakin ƙofa, ko in sa musu guba. Ya ce, "Subhanallahi, Hajiya, cikin Harami fa muke. Naman daji ko firgita shi ba a yi." Na ce karnukan fa? Wai sai mai cizo. Na ce wane kare ne ba shi da haƙora? Dariya ya yi mini.

Lahadi, 21 Janairu
Gurguwar ta sa baki a kwanon da na bari a ƙofar baya. Na wanke sau bakwai har da ƙasa. Tura ta kai bango. Na roƙi Abdulhafiz ɗan mai gidan hayar, tunda shi yana da takardun zama a ƙasar, ya kira masu kama karnuka. Ya ce da Larabci, "Kalas ya kala, bukra in sha Allah," wato shi ke nan inna, sai gobe.

Laraba, 24 Janairu
Sun zo da mota sun kwashe su. Alhamdulillahi. Na yi shara, na kunna turare.

Alhamis, 1 Fabrairu
Warin ya ninka. Ashe karnukan ne ke cinye yawancin ƙazantar, yanzu a rana take ruɓewa. Ƙuda har cikin shayi. Ita kuwa yanyawa ta daina jiran yamma. Da azahar na gan ta zaune a kan katangata tana leƙen akurki, ko kunya babu. Na wurga mata takalmi, sannan na tuna maganar Malam Awwal. Astagfirullah. Amma ban yi nadama ba.

Asabar, 3 Fabrairu
Gashin kazata Ja a tsakar gida. Ita ce mai kwanci. Ƙwan sun yi sanyi.

Talata, 6 Fabrairu
Yanyawar ta ɗauki wata kazar. Na toshe akurkin da bulo, ta tona ta ƙasa. Na zauna na yi kuka kamar yarinya, a kan kaji, ni da furfurata. Issoufou ya ce, "Da karyar ga tana nan, da ba ta yi ba." Wa ya tambaye shi?

Juma'a, 9 Fabrairu
Ta dawo. Gurguwar. Ko ina ta ɓuya ranar da motar ta zo, oho. Duk ta rame, ga miki a kunne, ƙuda na binta. Abin ƙyama dai kamar da. Ta kwanta a wurinta na da.

Da yamma yanyawa ta sauko har tsakiyar kango. Gurguwar ta ɗaga kai. Waccan ta tsaya, ta zauna, can ta juya.

Abdulhafiz ya leƙo, wai ya ga saura ɗaya, ya sake kiransu? Na ce ni ban ga komai ba.

Shinkafar jiya ta fara tsami, dama zubarwa zan yi. Ta bayan katanga na zuba. Ruwan da na ajiye mata ma, ai zafi ake yi.