Gidan Baba Babu Kai a Ciki

Zuwa ga Yaya Sharfaddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Siddiƙa da yara a can Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan da sauƙi, ƙanwarmu Ikilima ta sauka lafiya, an samu Badaru. Sai dai jikin Baba, wanda na kasa gaya maka a waya don kullum yana kusa da ni.

Ka san tun da damina ta rushe gidanmu na cikin gari ya dawo wurina, hannunsa na magini bai huta ba. A kan tsohon ƙyauren da muka tsira da shi ya gina ɗan ƙaramin kwaikwayon gidan da laka da karan dawa: zaure, ɗakin Inna, rijiya, har turken akuya. Ya ce shi ba zai yi abu mai fuska ba, don haka kowane mutum ƙwallon dabino ne, ya naɗe shi da ƙyallen tufafin mai shi. Inna, Allah ya jiƙanta, tana bakin murhu cikin guntun zanenta. Da farko dariya muke yi, ina tsokanarsa don me ni ya zaɓa mini ƙwallo mai ƙiba.

Yanzu dariya ta ƙare, Yaya. Mantuwa ta kama shi sosai, likita ya ce sai haƙuri. Kowace safiya sai ya bi ƙwallayen nan da yatsa yana kiran suna, kuma wanda ke ciki kawai yake tunawa. Kai ba ka ciki. Shekara bakwai rabonka da Daura, na zazzage akwatuna kaf ban samu ko hularka ba. Sai na yanki tsohuwar rigar maigidana na ce taka ce. Ya shafa, ya shinshina, ya miƙo mini, ya ce kar in sa masa baƙo a gida. Ranar na yi kuka har na gode Allah.

Wallahi tsoro nake ji. Don girman Allah ka zo kafin azumi. In babu hali, ka ba direban motar Kano tsohuwar rigarka gobe-goben nan, kuma kar Anti ta wanke ta.

Gwaggo Ummukulsum da Hasana suna gaishe ka. Na ce wa Baba wasiƙa nake rubuta maka, ya ce madalla, a gaishe ka da kyau, kuma in tambaye ka kai ɗan gidan wa ne.

Taka ƙanwa,
Juwairiyya