Haƙoran Injin da Ka Aiko

Tsafe, Jihar Zamfara.

Zuwa ga ƙanena Yazid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, Allah ya ba ka sa'ar karatu, ya kare ka a ƙasar mutane. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, Wasila kuma ta sauka lafiya, an samu mace.

Haƙoran injin yanka ƙarfe da ka aiko sun iso tun kafin damina. Na gwada ɗaya a kan sandar injin niƙa, na ga abin da ka faɗa: baƙin shafen nan na jikinsu yana sa santsi ko ba a zuba mai ba, bakin bai yi zafi ba, bai dakushe ba. Baba ya yi ta nuna wa mutane, yana cewa aikin ɗansa ne.

Sai Baffa Jatau, da yake shagon nasu ne shi da Baba, ya ce shafen datti ne. Ya ɗora biyu a dutsen wasi ya kankare shi tas, suka cinye kafin la'asar. Ya bi majalisa yana cewa jabu ka aiko wa mahaifinka. Baba ya ji kunya har ya daina ambaton sunanka a shago, kwalin kuma Baffa ya ce ya zubar.

Makon jiya na je Gusau sayen ƙarfe, na tarar da haƙoranka a shagon Arzika, surukin Baffa, da shafensu lafiya lau. Masu injin niƙa na Nahuce da muka yi shekaru muna wa aiki duk suna can a layi. Arzika da bakinsa ya ce Baffa ne ya kawo, har da bayanin kada a wasa su. Ashe ya sani. Da ɗan gari akan ci gari, Yazid.

Na dawo na gaya wa Baba. Washegari ya sa na yi masa wanki, ya saka kayan ya je ya sami Baffa, ya ce a raba shagon. Yanzu suna sallah a sahu ɗaya, ba mai kallon wani. Jiya ya ce in roƙe ka ka yafe masa zargin da ya yi maka, wai shi ba zai iya faɗa a waya ba. Ka kira shi, don Allah, kada ka jira ya fara.

Inna, Wasila da Husna suna gaishe ka. Ka gaida abokinka Mansur.

Yayanka,
Isma'ila