Ta hannu

Villeurbanne, Asabar da dare

Na dawo daga Paris kaina na sara, kuma ban zaɓi komai ba.

Tun da izinin mallakar bindiga ya fito daga hukumar préfecture nake ɗokin wannan tafiya. Mai shagon bindigogin da na je ya ajiye mini ƙananan bindigogi biyu, duka na hannu: ɗaya mai cin ƙaramin harsashi samfurin 22, ɗaya mai cin babba, 9 mm. Ya ce in dai takarda nake harbi a kulob ɗinmu na wasan harbi, 22 ta ishe ni, ba ta girgiza hannu. Na san gaskiyarsa. Amma 9 ɗin na riƙe, na kasa ajiyewa, har ya yi gyaran murya.

A jirgin ƙasa Inna ta kira daga Maraɗi. Bakina bai da linzami, na gaya mata zancen bindigar. Na ce wasanni ne kawai, kuma ba sabuwa ba ce, ta hannu ce.

Ta ce, "Hannun wa?"

Na ce, "Inna, haka ake cewa, kamar mota."

"Na san Hausa, Issoufou. Wadda ta kashe yayanka a hanya ma daga wani hannun ta fito."

Haushi ya kama ni, na ce réseau ba kyau, ba na jin ta, na kashe waya. Allah ya yafe mini.

Mai shagon yana jiran amsata Litinin. Takarda ba ta buƙatar 9 mm. To ni wa nake gani a jikin takardar nan in na rufe ido ɗaya?