Hoton aure ba amarya

Zuwa ga Innata, wadda ke kwance a maƙabartar ƙauyenmu, bayan Mayahi. Gaisuwa ta girmamawa daga babban ɗanki, tare da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima.

Inna, jiya na ɗauki hoton auren jikarki cikin ruwan sama, sai auren ƙanwata Rabi ya faɗo mini a rai.

Kin tuna shekarar, bayan fari. Sojoji ke mulki, iyakar Najeriya a rufe. Baba ya yi wata goma sha huɗu a can, kunya ta hana shi dawowa gida hannu wofi. Duk saƙon da muka aika, amsarsa ɗaya ce, wai bai ga abin da zai dawo ya yi a ƙasar da ta ƙi ba.

Ke kika yanke shawara. Kika ce in zo daga Tasawa da na'urata ta hoto in ɗauki Rabi cikin ado, idan ya ga 'yarsa amarya zuciyarsa za ta karye ya taho. Ban faɗa miki ba, hoto biyu kacal ya rage mini, kuma ko'ina babu filim.

Ana shafa fatiha hadari ya haɗo daga gabas. Na ɗauki Rabi a ƙofar ɗaki, na san duhu ya yi yawa. Sai ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Yana tsagaitawa, masu biki suka watse. Ango ya naɗe babbar riga ya saɓi sungumin shuka. Liman ma ya bi su. Ke da kika yi mako kina faɗa a kan kada kowa ya ba ki kunya, ke kika fara tono tukunyar irin da kika binne a ƙarƙashin gado, kika fita da zanen biki.

Haushi ya kama ni, wallahi. Na biyo ku gona in yi masifa, sai na tarar ango na sara, kina biye kina zuba gero kina rufewa da dunduniya, kina dariya. Rabon da in ga haƙoranki tun tafiyar Baba. Ban san lokacin da na danna ba.

Da na wanke, na Rabi ya fito baƙi ƙirin, na gona kaɗai ya yi kyau. Har yau ina jin muryarki: "Wanga shi ne hoton armen ɗiyata? Ina amaryar, Lawali?" Kwana uku ba ki amsa gaisuwata ba. Ni kuwa na ga na ɓata miki dabarar da ta rage. Haka na ba wani ɗan kasuwa mai bi ta daji hoton gonar ya kai wa Baba.

Kwana goma sha ɗaya, sai ga Baba a ƙasa, takalmi a hannu. Ranar na zauna a bayan rumbu na yi kuka, don sai a lokacin numfashina ya dawo.

Abin da ya gaya mini daga baya ne ban taɓa faɗa miki ba, don ya ce za ki yi masa tsiya. Na zaci jiƙaƙƙiyar ƙasa ya gani. Ya ce a'a, ke ya gani kina bin layin wani da iri, a gonarsa shi Baba, alhali yana raye.

Yanzu ya biyo ki, sai ki yi masa tsiyar da kanki. Allah ya yayyafa ruwan rahama a kabarinku, ya haɗa mu a inda ba fari.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Lawali