Maganin Sojan Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Hannun Baba na hagu ya soma motsi, Inna kuma ciwon gwiwarta ya lafa. Sai dai ka ja mini magana, Yaya, kuma da haushinka nake rubutun nan.

Ka san tun da Baba ya kwanta ciwo, ba abin da ke fito da shi falo sai wasan ces, darar nan ta Turawa. Kullum da la'asar ni ce abokiyar karawarsa, kullum kuma da abu ɗaya yake buɗewa: ya tura sojan da ke gaban dokinsa na gefen sarki gida biyu. Mutumin da ya yi ta yi mana faɗa muna yara a kan kama tsakiyar allo, shi ne yau ya koma ɗan ganganci. Ni kuwa kwaɗayi ya hana ni sakat. Da na cinye sojan, sai sarauniyarsa ta ɓullo mini ta ɗaya gefen, wasana ya wargaje. Ya yi ta dariya har da tari, ya ce wa Inna ta ƙaro abinci.

Abin ya ishe ni, shi ya sa na kai maka kuka a waya. Ka ce in kawar da kai daga sojan, in tura nawa biyu tsakiya, in fito da dawakai, sannan in tunkari sojan nasa daga gefe, tunda shi da kansa ya bar sarkinsa a fili. Haka na yi, kuma maganinka ya ci. Na cinye Baba tas, har ina murmushi kamar wata sakarai. Baba ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce wannan ba dabarata ba ce, hannunka yake gani. Ya mayar da 'ya'yan wasan cikin akwati da kansa, da hannu ɗaya, ya hana in taya shi.

Tun ranar bai sake cewa a kawo allo ba. Ya koma ɗaki, abinci sai Inna ta yi ta lallashi. Jiya na matsa masa muka zauna, ya tura sojan, ni kuma na cinye da gangan don ya samu hanya. Bai ko taɓa sarauniyarsa ba. Ya dube ni ya ce, "Ashe har na kai a yi mini sadaka?" Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu in na ci ya shiga ɗaki, in na faɗi da gangan ya gane. Kai kana can, ka ba da shawara ka kashe waya, ni aka bari da allo a gabana. Saboda haka ka zauna ka nemo abin da mai tura sojan nan zai yi wa tsarin da ka koya mini. Kada ka faɗa mini. Ka kira Baba ka faɗa masa shi kaɗai, don ina so ya cinye ni da gaske.

Ka gaishe da Anti da yara. Inna, Gwaggo da Auta suna gaishe ka.

Ƙanwarka mai jiran ta sha kashi.